Kunne a Kura, Shafi a Bunkure

Da aka ce wannan makon ni ke da fili, na yi niyyar kawo muku wani abu a kan gina taurari a gajeren labari, har na rubuta rabi. Sai na ajiye shi, saboda akwai wani labari da ya fi shekara yana cina a rai, kuma kunya ba ta taɓa barina na faɗe shi a gaban mutane ba. Labari ne na yadda na kusa raba mahaifina da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai ɗan zancen kwamfuta a ciki, amma kada wanda bai karanci fannin ba ya gudu, zan yi ƙoƙarin faɗar komai yadda kowa zai gane.

Ni ɗan Dawakin Kudu ne, a nan aka haife ni, a nan na tashi. Baba manomi ne, damina da rani. Da damina gonakinmu na gado yake nomawa a gefen gari, dawa da gero da gyaɗa. Da an kawar da amfanin damina kuwa sai ya koma yankin Kura, inda ruwa ba ya yankewa. Wanda bai san wajen ba, ruwan daga madatsar Tiga yake tasowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa bakin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Idan ka bi titin Zariya a watan Janairu, ko'ina ya bushe ƙurmus, hazo ya rufe gari, sai kawai ka ga ka faɗa cikin kore shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara. Tun ina firamare nake bin Baba a bayan babur, mu fito Kwanar Dawaki da sanyin asuba yana dukan fuskarmu.

Baba yana da wani ɗan littafin lissafi da ba ya rabuwa da aljihun gabansa. Da ajami yake rubutu a ciki, daga bangon dama yake buɗe shi. Kuɗin haya, kuɗin iri, taki, feshi, 'yan ƙwadago, duk suna ciki. A 2022, shekarar da na gama difloma a fannin kwamfuta, ya sunkuya zai gyara robar jan ruwa, littafin ya zame ya faɗa kanal. An tsamo shi, amma tawada ta riga ta bi ruwa. Lissafin rani guda ya tafi.

A lokacin ina zaune a gida ba aiki. Ku da kuka gama makaranta kuka dawo gida kun san irin tambayar nan ta majalisa, “To, me aka karanto mana?” Baffa, ƙanen Baba, shi ya fara kirana Injiniya, rabi wasa rabi zolaya. Da littafin nan ya jiƙe sai na ga dama ta samu. Na ce wa Baba zan haɗa masa manhaja a wayarsa, wadda ruwa ba zai wanke ba, kuma ba ta buƙatar data. Ya ce, “To, Allah ya taimaka.” Bai nuna ya yarda ba, bai kuma nuna ya ƙi ba.

Wata uku na yi a kanta. Laftof ɗina tsohuwa ce, idan na buɗe Android Studio sai ta ɗauki zafi tana huci kamar ta hau dutse, ga wuta da ba ta zama. Da yaren Kotlin na rubuta, ina kallon bidiyo ina kwaikwaya, in tsaya in mayar da shi baya. Tsarin mai sauƙi ne. A saman allo akwai sunaye uku a jere, Kura, Bunkure, Gida. Masu aikin suna ce wa waɗannan tab, ni kuwa na sa musu suna kunnuwa, saboda sun yi kama da kunnen nan da ke leƙowa a jikin fayil ɗin ofis, wanda ake rubuta sunan abin da ke ciki. A ƙarƙashin kunnen da aka zaɓa akwai ɗan layi mai launi. Ƙasa da su kuma shafi ne mai jerin abin da aka kashe. A can kusurwar ƙasa akwai maɓalli ɗaya na ƙara sabon lissafi. Duk mai WhatsApp a wayar Android ya san tsarin nan, lokacin da sunayen suke sama kafin a mayar da su ƙasa a 2024: ko ka danna sunan, ko ka ja shafin da yatsa, duk inda kake so za ka je.

Na gwada ta iya gwadawa. In danna Kura, shafin Kura ya fito. In danna Bunkure, na Bunkure ya fito. In shigar da lissafi, in rufe, in buɗe, yana nan. Na tura wa Baba ta Xender, na zaunar da shi na koya masa: “Baba, ka danna nan, sai ka danna nan.” Yana karanta boko, a hankali dai, kuma ya iya rubuta adadi. Kwana biyu ya gane. Ranar na kwana ina jin kaina a sama.

Ranin 2023 zuwa 2024 shi ne karon farko da aka ɗora wa manhajar nauyi na gaske. Shekara ce mai tsanani, an cire tallafin mai tun ƙarshen watan Mayu, kuɗin mota da na taki da na ƙwadago duk sun tashi. Baba ya dasa tumatir a gonar Kura, tasa shi kaɗai. A Bunkure kuma suka yi haɗin gwiwa da Baffa a kan alkama. Sharaɗin shi ne Baba ya biya hayar fili da iri, Baffa kuma da yake can yake zaune da iyalinsa, shi zai riƙa biyan abin da ya taso yau da gobe. Idan an yi girbi kowa ya ɗebi abin da ya kashe, a raba ragowar biyu. Baffa ba ya rubutu. Da daddare zai kira ya ce yau na sayi kaza, na biya kaza, Baba ya shigar a waya. Shekara da shekaru a kan amana suke tafiya, wayar ma don kada a manta ne kawai.

Tun a watan Fabrairu Baba ya fara cewa tumatirin bana ya ci kuɗi fiye da kima. Ba wanda ya yi mamaki, don tumatir dama haka yake, feshi ba ya ƙarewa, ga kwanduna, ga kuɗin mota zuwa Kwanar Gafan, idan kuma kaya ya yi yawa a kasuwa kwando ya faɗi warwas. Na ji maganar, ta shiga ta nan ta fita ta nan.

An yanke alkama ana tsakiyar azumi. Bayan an casa an sayar, Baffa ya zo gida aka shimfiɗa tabarma a zaure za a yi lissafi. Baba ya miƙo min wayar ya ce in karanto. Na danna Bunkure, na karanta layi bayan layi, na faɗi jimla. Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, “Injiniya, sake dubawa.” Na sake. Ya ce abin da ya kashe ya fi haka da Naira dubu 160 da ɗoriya. Ya fara lissafowa da yatsu: buhun yuriya huɗu na zubin taki na biyu, kuɗin masu ban ruwa har sau uku, kuɗin yaran da suka yi korar tsuntsu. Ya ce duk ya kira ya faɗa.

Baba ya ce, “Duk abin da ka faɗa min na sa. Ban taɓa kwana ban sa ba.”

Baffa ya ce, “Yaya, to ni zan ƙara maka abin da ban kashe ba?”

A nan ne ya kamata in yi shiru, ko in ce a ba ni kwana ɗaya in bincika. Ban yi ba. Na ji kamar aikina ake tuhuma a gaban Baba, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, “Baffa, kwamfuta fa ba ta mantuwa, kuma ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take riƙewa.”

Har yau ina ganin irin kallon da ya yi min. Mutumin da ya goya ni, wanda ya saya min keken farko. Bai ce min komai ba. Ya dubi Baba ya ce, “Shi ke nan, Yaya, a raba yadda wayar ta ce.” Aka raba. Ya karɓi nasa bai ƙirga ba, ya sa takalmi. Inna ta aiko a ce ya tsaya a sha ruwa, saura kaɗan a kira magariba, ya ce yana da uzuri. Duk azumi Baffa kan zo ranar Juma'a ya sha ruwa da mu. Juma'ar da ta biyo baya bai zo ba, bai kuma kira ba. Baba bai yi zancen da kowa ba, amma na lura ya rage cin abinci, kuma yakan daɗe a zaure shi kaɗai bayan asham.

Ana saura kwana kaɗan salla Baba ya ce in rufe masa lissafin tumatir. Na zauna da daddare na danna Kura. Jerin dogo ne, feshi, feshi, kwando, mota, taki, ban ruwa. Ina saukowa sai idona ya faɗa kan wani layi na watan Fabrairu: “yaran korar tsuntsu.” Na wuce shi, sai na dawo. Duk wanda ya tashi a gidan noma ya san ba a korar tsuntsu a gonar tumatir. Jan baki ƙwaya yake bi, alkama da shinkafa da gero. Me kuɗin korar tsuntsu yake yi a shafin Kura? Ruwa ba ya tsami banza. Gabana ya faɗi, na ji zufa tana keto min duk da dare ne.

Ban yi barci ba. Bayan sallar asuba na kai wa Baba wayar na ce, “Baba, don Allah nuna min yadda kake shigar da na Bunkure. Yi kamar ba na nan.” Ya karɓa, ya buɗe. Manhajar kullum a Kura take buɗewa. Sai na ga ya ɗora babban yatsansa a tsakiyar allon ya ja shi gefe, kamar mai buɗe shafin littafi. Shafin Kura ya zame ya wuce, na Bunkure ya shigo, ga jerin kayan alkama. Na ɗaga ido sama. Ɗan layin nan mai launi yana nan daram a ƙarƙashin Kura, ko motsi bai yi ba.

Na ce, “Baba, ba dannawa kake yi ba?”

Ya ce, “Wani lokacin in danna. Amma rubutun ƙanana ne, yatsana ba ya samunsa sosai. Jan ya fi sauƙi, kuma ai wuri ɗaya yake kai ni.”

Gaskiyarsa. Mutum ne da ya shekara talatin yana buɗe shafin littafi da yatsa, kuma abin da idonsa ya gani shafin Bunkure ne. Ni ne ban taɓa jan shafin ba ko sau ɗaya a wata ukun da na yi ina gwaji.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ya faru a ciki, don a nan darasin yake. Abin da ido ke gani kamar abu ɗaya, a wajen mai haɗa manhaja abu biyu ne, kuma ba ruwan wani da wani. Jerin kunnuwan sunansa TabLayout, abin da ya sani kawai shi ne wane kunne aka zaɓa. Abin da ke ɗauke da shafukan yana barin a ja su kuma sunansa ViewPager2, shi ma abin da ya sani kawai wane shafi ne a gaba. Idan ba ka haɗa su ba, kowa harkar gabansa yake yi. A tsohon tsari, mai suna ViewPager ba lamba, layi ɗaya ake rubutawa, setupWithViewPager, shi ke nan sun haɗu. Sai Google ta fitar da sabon a ƙarshen 2019, kuma wancan layin ba ya karɓar sabon. Bidiyon da na bi tsoho ne, ni kuma sabon na ɗauka. Da layin ya ƙi, maimakon in tsaya in karanta dalili, sai na yi dabarata. Na rubuta umarni cewa duk lokacin da aka danna kunne, a gaya wa shafi ya koma can. Ya yi aiki, na yi murna, na wuce. Ban rubuta na dawowa ba, wato idan an ja shafi a gaya wa kunne. Saƙo yana tafiya ta hanya ɗaya, ba ya dawowa.

Da a nan abin ya tsaya, da ɗan ruɗani ne kawai a ido. Babban kuskuren yana jikin maɓallin ƙara lissafi. Idan an danna shi, dole ya san gonar da zai sa kuɗin a kanta. Ni kuwa na ce ya tambayi kunne. Don haka duk daren da Baba ya danna Bunkure, lissafi ya tafi daidai. Duk daren da ya ja da yatsa, idonsa yana kan alkama, maɓallin ya tambayi kunne, kunne ya ce Kura, kuɗin Baffa ya faɗa cikin tumatir. Wayar ta rubuto “An adana”, Baba ya kashe ta ya kwanta. Ashe maganar da na faɗa a zaure gaskiya ce ta wani gefen, abin da aka ba ta shi ta riƙe. Ni ne na ba ta ba daidai ba.

Muka zauna da Baba muka bi shafin Kura layi-layi. Ya san abin da ya kashe wa tumatirinsa, don haka duk baƙon layi yana gani yake ganewa. Muka tsamo guda biyar. Na haɗa su, suka ba da abin da Baffa ya faɗa, har da ɗoriyar. Mutumin da ba ya rubutu bai yi kuskuren Naira ɗaya ba. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Innalillahi.” Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi.

Gyaran manhajar bai kai awa biyu ba. Waɗanda suka yi sabon tsarin sun tanadi wani abu mai suna TabLayoutMediator, ma'anar sunan mai shiga tsakani. Za ka damƙa masa kunnuwan, ka damƙa masa shafukan, ka gaya masa sunan da zai rubuta a kowane kunne, sannan ka ba shi umarnin attach, wato ya ɗaura su. Daga nan aiki uku yake yi. Idan an danna kunne ya juya shafi. Idan an ja shafi ya matsar da ɗan layin, har ma layin yana bin yatsanka sannu a hankali tun kafin ka saki. Idan kuma an ƙara shafi ko an rage, ya sake jera kunnuwan. Da na sa shi karon farko manhajar tana buɗewa ta mutu, saboda na ɗaura kafin in ba shafukan adaftarsu, wato abin da ke gaya musu shafi nawa ne da abin da ke cikin kowanne. Mai shiga tsakani ba ya aiki sai ɓangarorin biyu sun hallara. Na sauya jerin layukan, ta tashi lafiya.

Ban tsaya nan ba. Na cire maɓallin nan guda ɗaya, na ba kowane shafi nasa, kuma kowane shafi yana riƙe da sunan gonarsa a jikinsa, ba sai ya tambayi kowa ba. Na sa sunan gonar ya fito da manyan baƙaƙe kafin a adana. Na sa sabon lissafi ya bayyana a saman jeri nan take, mai shi ya gani da idonsa. Na ƙara girman kunnuwan saboda yatsan manomi. A cikin karatun da ya kamata in yi tun farko na gano sabon tsarin yana iya jera shafuka daga dama zuwa hagu, don haka yanzu ina aikin wadda za ta yi ajami, Kura ta koma dama, Baba ya buɗe ta yadda ya saba buɗe littafinsa.

Na mutane ne ya ɗauki lokaci. Baba ya kira Baffa sau biyu, bai ɗauka ba. Sai ya je wajen Goggo, babbar yayarsu, ya faɗa mata komai. Ta ce ba maganar waya ba ce wannan, zumunci a ƙafa yake. Washegarin salla muka ɗauke ta muka tafi Bunkure mu uku. A hanya Baba ya ce min, “Kai za ka yi bayani, da bakinka.”

Na durƙusa a gaban Baffa na faɗi komai. Na fito da tsohuwar manhajar da na bari a wayata don wannan, na ja shafin a gabansa, na nuna masa layin da ya ƙi motsi. Na ce, “Baffa, kuskurena ne, kuma maganar da na faɗa maka ta fi kuskuren muni. Ka yafe min.” Baba ya ajiye kuɗin a gabansa. Baffa bai kalli kuɗin ba. Ya ce, “Yaya, ba kuɗin ne ya dame ni ba. Na kwana ina tunanin ko tsufa ne ya fara kama ni, ko kuwa da gaske kana ganin zan ci haƙƙinka.” Muryarsa ta karye. Goggo ta yi ta magana, ta tuno musu mahaifinsu, ta tuno musu shekarar da suka yi noma da jaki ɗaya. Daga ƙarshe ya dafa kaina ya ce, “Tashi, Injiniya. Ta wuce.” Muka ci tuwon salla tare.

To, me ya kawo wannan cikin zauren marubuta? Wata biyu bayan haka na karanta wani gajeren labarina a zaman ƙungiyarmu ta marubuta. Labarin uwa ne da 'yarta, kowacce tana ba da nata ɓangaren da bakinta. Da aka zo sharhi wata 'yar uwa ta ce ba ta gane yadda yarinya 'yar shekara sha shida take zancen kishiyarta ba. Na buɗe baki zan ce ai uwar ce ke magana a wajen, a bayyane yake. Sai na tuna zaure, na rufe bakina. Na duba takardar. Na sauya mai magana a tsakiyar shafi, ban bar wa mai karatu wata alama ba. Ni da na rubuta na san na koma Bunkure, ita kuwa kunnenta yana Kura, duk abin da uwar ta faɗa sai ta zuba shi a kan 'yar.

Tun daga ranar nake ganin abin a rubuce-rubucenmu, nawa da na wasu. Labari ya tsallaka shekara biyar ba a faɗa ba. An bar Kano an koma Kaduna, mai karatu sai ya yi layi goma kafin ya farga. Mutum uku suna hira, an daina cewa wane ya ce. Take ya yi alkawarin abu ɗaya, cikin rubutun yana wani zancen. Musamman mu da muke sakin labari kashi-kashi a waya, mai karatu ya karanta na jiya a cikin adaidaita, na yau kuma yana tsakar girki, ba lallai ya riƙe inda aka tsaya ba. Kalma biyu ko uku sun isa su matsar masa da layin: sunan mai magana, sunan gari, “bayan shekara biyar”.

Abin da na fi amfana da shi kuwa shi ne abin da na yi da asubar nan, da na miƙa wa Baba waya na ce ya yi kamar ba na nan. Marubuci ba zai iya gwada rubutunsa shi kaɗai ba, don kullum ta hanyar da ya gina zai bi. Yanzu idan na gama labari ƙanwata nake ba wa, in ce ta karanta a bayyane, ni kuma in zauna in kame bakina. Inda ta yi tuntuɓe in sa alama. Inda ta koma baya ta sake karantawa in sa alama. Idan ta gama in ce ta ba ni labarin da bakinta, in ji ko wanda na rubuta ne ya isa gare ta. Abu mafi wuya shi ne hana kaina cewa “ai abin da nake nufi shi ne”. Idan wani ya ce bai gane ba, ko ya ce lissafinka bai cika ba, ka ce a ba ka kwana ɗaya ka duba. Ni jimla ɗaya na faɗa don kare aikina, ta hana 'yan uwa biyu shan ruwa tare a goman ƙarshe.

Ranin da ya biyo baya sun sake haɗa alkama a Bunkure. Baba yana amfani da manhajar har yanzu, da jan yatsansa. Baffa kuma ya sayi littafi mai shafi arba'in, ɗansa ne ke rubuta masa. Duk Juma'a idan ya zo sai ya zaro shi daga aljihu ya ce, “Injiniya, kawo wayar taka mu gani ko ta yarda da ni.” Ana dariya, ni ma ina yi, amma ba na jin daɗin dariyar har ciki. Da can ba ya buƙatar littafi tsakaninsa da yayansa. In karanto, ɗansa ya karanto, mu bi layi-layi har ƙasa. Zuwa yanzu ba mu taɓa samun saɓani ba.

Inda na sauya shafi ban matsar muku da kunne ba, ku nuna min, wannan karon ba zan yi musu ba.